Layi Huɗu da Suka Rage wa Tsoho

"Kai ka rubuta shi! Ni na riƙe maka hannu?"

Maganar ta ratso bango ta faɗo ɗakin Tela kamar an jefo takalmi. Auta na tsaye a tsakiyar ɗakin, hannuwa a ware, ana gwada mata sabuwar rigar aikin asibiti. Tela ta zare allurai biyu daga bakinta, ta nuna bangon da haɓa.

"Kin ji ko? Yau kwana tara ke nan. Da zarar hantsi ya dubi ludayi sai a buɗe kotu."

"Shi da wa?"

"Ni kike tambaya? Yayanki ne ko nawa?"

Suka kasa kunne. A can ɓangaren aka ja kujera, aka yi ɗan shiru, irin shirun da mutum kan yi don ya ba abokin faɗa damar kare kansa. Ba wanda ya amsa. Sai muryar Yaya ta sake tasowa, wannan karon ta yi sanyi.

"To, na ji. Ni ma hannuna yana ciki. Amma ni na ce ka mutu ka bar ni da shi?"

Tela ta dafe ƙirji. "Ranar farko na ɗauka matarsa ce ta dawo, har na ce barka, gida ya samu gishiri. Da na saurara da kyau sai na ji shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa. Shekara goma sha huɗu muna bango ɗaya da bawan Allahn nan, ko tarinsa ban sani ba. Ranar da matar ta tafi ma ban ji ko uffan ba, sai ƙarar akwati a kan matakala. Yanzu da furfura ta fara leƙowa zai koyi masifa? Sauke hannunki, na gama. Ki je ki duba shi, ai ke ce nas."

Auta ta mayar da rigarta, ta ɗauki ledar kayan gugar da ta kawo masa, amma ba ta fita nan take ba. Ta san da wa yake faɗan. Mutum ɗaya ne a duniya Yaya ya taɓa yin cacar baki da shi haka, kuma shekara biyu ke nan da binne shi a wata ƙasa da ba wanda ya taɓa takawa a danginsu.

Su biyar ne a ɗakinsu, Yaya ne babba, ita ce ta ƙarshe, da ratar shekara goma sha uku a tsakaninsu. Tun yana ƙarami abin da ke aiki lafiya bai taɓa burge shi ba, sai wanda ya lalace. Inna takan ce, wannan ko kaza ya gani tana tafiya sai ya so ya buɗe ta ya ga abin da ke juya ƙafar. Da ya gama karatu ya samu aiki a wani kamfanin tarho, a ɗaki mai sanyi marar taga, yana kula da manyan kwamfutoci. Abokan aikinsa kan fita su sha rana su yi hira. Shi kuwa da rigar sanyinsa yake zuwa don kada ya fita.

Sau ɗaya ya taɓa zaunar da Auta ya yi mata bayanin aikin da ya ci rayuwarsa. Ya ce kowace kwamfuta tana da wata manhaja a can ƙasa wadda ba a gani, su suna kiranta ƙwaya. Ita ce kamar mai kula da gidan haya: ita ke raba wa sauran manhajoji ɗaki, ita ke riƙe da makullan kowa. In kwamfuta ta fara ciwo aka rasa dalili, akwai wata 'yar manhaja da ake sakawa ta bi sawun abin da ke faruwa a cikin ƙwayar, mataki-mataki. Mabiyin sawu yake ce mata.

"Ashe dai abin sauraron ƙirji ne irin namu," in ji Auta.

Ya dube ta da mamaki, kamar yaro ya faɗi amsar da ba a koya masa ba. Daga ranar, duk dangi ita kaɗai yake yi wa zancen aiki. Sauran kuwa har gobe mai gyaran waya suka ɗauke shi. Kawu ya taɓa yin doguwar tafiya da talabijin a ka. Yaya bai yi musu ba, ya karɓa ya gyara.

A ɗakin sanyin nan ne wata rana ya ga wani ɗan kuskure a cikin mabiyin sawun. Manhajar ba ta mutum ɗaya ba ce. Dubban mutane ne daga ko'ina ke gina ta, kowa ya ga inda ta karkace sai ya rubuta gyara ya aika ta imel, a duba, in ya yi a karɓa. Yaya ya aika gyara mai layi tara. Amsar da ta dawo shafi uku ce, duk gyaran gyaransa, ba a bar masa ko waƙafi ba. A ƙarshe aka rubuta: "Sake. Za ka iya." Wanda ya rubuta amsar shi ne mutumin da ya fara gina manhajar. Yaya bai san shekarunsa ba, amma tun ranar ya sa masa Tsoho.

Shekara goma sha shida suna musayar wasiƙa, kusan kullum. Bai taɓa ganin fuskarsa ba, bai taɓa jin muryarsa ba. Abin da ya sani game da shi bai cika tafin hannu ba: gwiwarsa ta hagu tana damunsa, kuma yana da tumatir a gwangwani a bakin taga wanda yake yin fure duk shekara ya ƙi haihuwa. A ƙasan kowace wasiƙa, bayan an gama cacar baki kan lambobi, Tsoho kan ƙara layi ɗaya: "Yau ma bai haifa ba." Yaya kan amsa: "Ka ba shi lokaci." Iyakar hirarsu ta duniya ke nan, kuma Auta ta daɗe da lura cewa ta fi duk hirar da ya yi da matarsa tsawo.

Daga baya wani kamfani na nesa ya ɗauke shi aiki don ya zauna a gida ya kula da manhajar. Sai ya zama ba shi da dalilin fita ko kaɗan. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, ta tafi da 'yarsu tana da shekara takwas. Ba duka, ba zagi. Cewa ta yi ta gaji da auren ƙeya. Yarinyar yanzu tana jami'a, takan kira shi sau ɗaya a wata, su yi minti uku suna tambayar juna lafiya. Da Tsoho ya rasu, ɗansa ne ya aiko da sanarwa mai layi uku ga masu aikin baki ɗaya. Yaya ya karanta, ya kashe kwamfuta, ya wanke kofinsa ɗaya da farantinsa ɗaya, ya zauna. Ba wanda ya zo masa gaisuwa, don ba wanda ya san an yi masa rasuwa.

Auta ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta sa nata makullin ta buɗe.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi makon jiya. Fanka marar murfi tana kaɗa kai. Kwamfutoci uku a ƙarƙashin tebur, ɗaya daga ciki tsohuwa ce da yake kira akuyar gwaji, don a kanta yake gwada duk abin da zai iya kashe kwamfuta. A jikin bango akwai wani fili mai haske inda kabad ɗin Anti ya taɓa tsayawa. A jikin katakon ƙofa kuma zanen fensir ne hawa-hawa, tsayin yarinya, ya hau ya hau ya tsaya daidai ƙirjin babba. Yaya yana zaune ya ba ƙofa baya, kamar kullum.

"Yaya, ina kwana."

"Auta. Har Asabar ta yi?"

"Ta yi, har ta fara tsufa. Tela ta ce in gaya maka ka ce wa abokin faɗanka ya riƙa ɗaga murya, naka kawai take ji."

Bai yi dariya ba. Ya juyo da kujerar rabi, sai ta ga gemunsa ya yi kwana da kwanaki bai ga reza ba. Ta ajiye rigunan a kan gado, kan na makon jiya waɗanda ko ninkinsu bai warware ba. Ta san ba inda yake zuwa da su. Ita ma ba don rigunan take zuwa ba. Hanya ce ta leƙo ta ga yana numfashi ba tare da ta ce abin da ya kawo ta ke nan ba.

"Jawo kujera," ya ce. "Ke kaɗai za ki gane."

Ya nuna mata layi huɗu a fuskar kwamfuta, rubutu irin nasu mai kama da sawun kaza. Ya ce wata mata ce mai binciken ɓaraka a manhajoji ta rubuto masa cewa akwai ƙofa a buɗe a nan. Ƙa'idarsu ita ce a ba mai gyara kwana talatin a asirce. Jibi Litinin wa'adin zai cika, za ta bayyana wa duniya yadda ake shiga, ya gyara ko bai gyara ba.

"Ki ɗauka ƙwaƙwalwar kwamfuta doguwar unguwa ce, kowane gida da lambarsa. Lambar nan ita ce adireshi. Gidajen farko na jama'a ne. Daga wata lamba zuwa sama na ƙwaya ne, can ake ajiye makullai da sirrin kowa. Mai aiki da mabiyin sawu yakan ce, fara daga gida kaza, ka leƙa mini gida kaza a jere. Layi huɗun nan su ne mai gadi. Sai ya tara lambar gidan farko da yawan gidajen da aka nema. In jimlar ba ta kai iyaka ba, ya ce a wuce."

"To ai daidai ne."

"Haka kowa ya ce, shekara goma sha ɗaya. Kin tuna mitar babur ɗin Baba, ranar da ta cika tara-tara-tara?"

"Ta koma sifili. Ya shigo gida yana cewa babur ɗinsa ya koma sabo."

"To haka lissafin kwamfuta yake. In mugu ya nemi gidaje masu yawan da ya wuce hankali, sai jimlar ta cika ta zagayo ta koma 'yar ƙarama. Mai gadi ya duba ya ga biyar, ya ɗaga masa hannu. Shi kuwa ya bi gida-gida har ɗakin makullai."

"Innalillahi. Gyaran yana da wuya ke nan?"

"Kada ya tara, ya ɗebe. Daga inda ka tsaya zuwa iyaka gida nawa ya rage? In abin da ka nema ya fi haka, koma inda ka fito. Lissafin 'yan aji uku. Minti ashirin ya ɗauke ni, na gwada a kan akuya, ta tsaya daram."

"Minti ashirin. Sauran kwana ashirin da takwas ɗin fa, me kake yi da su?"

Maimakon ya amsa sai ya danna wani abu. A gefen hagu na kowane layi suna ya fito, sunan wanda ya rubuta shi. Ya gangara da rubutun, ɗaruruwan layuka, sunaye iri-iri suna wucewa, nasa ya fi yawa. Ya ce da can duk fayil ɗin nan sunan Tsoho ne daga sama har ƙasa. Ana ta gyara, ana ta sabuntawa, kowa ya taɓa layi sai sunansa ya hau kan na baya. Ya tsaya a kan mai gadin. Sunan Tsoho sau huɗu, a jere.

"Su kaɗai suka rage masa a nan," ya ce.

Sai ya buɗe wasiƙu biyu gefe da gefe, duk ya rubuta su, bai aika ko ɗaya ba. Ta farko ba ta taɓa layukan Tsoho ba. Wani sabon mai gadi ta kafa can gaba da su, a wani lungun, aka sa mata taken share-share, kamar ba komai. Ƙofar za ta rufu a sabuwar manhaja, mai binciken za ta gwada ta ga a rufe, sunan Tsoho ya zauna inda yake. Ta biyu kuwa ta goge layi huɗun ta sa daidai a gurbinsu, kuma a ƙasanta akwai layin da al'adar aikinsu ta wajabta: wannan yana gyara kuskuren da ya shigo ta gyara mai lamba kaza. Duk wanda ya bi lambar zai ga wanda ya rubuta kuskuren.

"To tunda duk biyun suna rufe ƙofar, aika ta farko mana ka huta, Tela ma ta huta."

Ya sosa gemu. Gaskiya ba ta taɓa yi masa sauƙin ɓoyewa ba, ko da ita ce za ta kayar da shi. Ya ce akwai masu kula da tsofaffin manhajoji, na kwamfutocin da suka yi shekaru suna aiki ba a sabunta su ba. Su ba sa ɗaukar share-share. Wancan layin na ƙasa suke nema. Shi ke gaya musu tun yaushe ciwon ya fara da kuma wa ya kama. In babu shi, gyaran ba zai kai gare su ba.

"Irin kwamfutocin asibitinmu, da tun ina ɗaliba suke nan?"

"Irinsu."

"Kuma jibi matar nan za ta koya wa duniya hanyar shiga."

"Auta, mamaci ba ya iya kare kansa." Muryarsa ta ɗan hau, irin wadda ta ji ta bango. "Mutum ya yi shekara talatin yana gini, ya koya wa irinmu riƙe alƙalami, sannan abu na ƙarshe da za a rubuta da sunansa ya zama shi ya bar ƙofa a buɗe? Kuma ni, ni zan rubuta? In goge shi da hannuna, in kuma nuna shi da yatsa?"

Saura kaɗan ta yarda. Maganar ta yi kyau, ta yi kama da amana, kuma ta fi son ta ga yayanta a matsayin mai amana. Amma shekara ashirin tana karanta katin marasa lafiya, ta koyi cewa in mutum ya cika bayani kan ciwon kai, a duba cikinsa. Ta kuma tuna abin da ta ji ta bango: ni ma hannuna yana ciki.

"Buɗe mini lambar in gani."

"Ba abin da za ki gane a ciki."

"Ɗazu ka ce ni kaɗai zan gane."

Ta miƙa hannu ta kama linzamin kwamfutar da kanta ta danna. Tsohon gyaran ya buɗe. A sama sunan Tsoho, wanda ya rubuta. A ƙasa wani layi: wanda ya duba ya tabbatar. Sunan Yaya ne, cikakke, har da na Baba. Idonta ya tafi kan kwanan wata, don nas kwanan wata take fara dubawa a kowace takarda. Lahadi ce, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wasiƙar Tsoho ta iso ƙarfe goma sha ɗaya da minti talatin da shida na safe. Sa hannun Yaya ya fita da minti arba'in.

Ta san wannan Lahadin. Ita ta sauke akwatunan.

A bakin ƙofar nan Anti ta tsaya, riƙe da hannun yarinya, mota tana jira a ƙasa. Ta daɗe a tsaye fiye da yadda tafiya ke buƙata. Ta buɗe jaka tana neman makullin da ke hannunta. Ta durƙusa ta ɗaure wa yarinyar igiyar takalmin da ke ɗaure. Kowa ya san abin da take jira, har direban da ke ƙasa. Yaya kuwa ya ba su baya, yatsunsa suna ta tafiya a kan madannai. "Ina zuwa," ya ce, "aiki ne na gaggawa." Anti ta kalli ƙeyar nan kallo na ƙarshe, ta ja yarinya suka sauka.

Auta ce ta kai wa dangi labari, ita ce kuma ta gyara shi a hanya. Ta ce aiki ne ya riƙe shi, duniya guda ke jiransa a lokacin. Shekara goma sha ɗaya tana maimaita wannan maganar a duk inda aka taɓo shi. Yanzu da take kallon mintuna huɗun nan sai ta gane ba don shi kaɗai ta yi ba. Ya fi mata daɗi ta zama ƙanwar babban mutum da aiki ya cinye, da ta zama ƙanwar matsoraci.

"Minti huɗu, Yaya," ta ce a hankali. "Kai da kake kwana uku a kan layi biyu."

Fanka ta kaɗa kai ta dawo.

"Ba ka karanta ba."

"Ban karanta ba." Ya faɗa wa tebur, ba ita ba. "Ina jin ƙarar zif ɗin akwati. Hannuna yana neman abin da zai riƙe don kada in juyo. Sai ga wasiƙarsa ta shigo. Na ce Tsoho ne ai, ba ya kuskure. Na rubuta na duba, na aika. Bayan nan ma ba komai nake bugawa ba. Haruffa ne kawai, in buga in goge, har na ji tashin mota."

"Me ya hana ka juyowa?"

"In na juyo na ce ta zauna, ta ce a'a fa?"

Auta ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sa shi a kan zanen fensir na jikin ƙofa. Duk shekarun nan abin da yake jingina da shi ke nan: ya rasa gida, amma aƙalla aiki ne ya ci gidan, kuma aikin ya yi kyau. Ga shi wata baƙuwa daga wata uwa duniya ta zo ta ɗaga tabarmar, an ga ba komai a ƙasa. Bai riƙe matar ba, bai kuma yi aikin ba.

Tausayi ya taso mata, amma ta san tausayi ne ya kawo su nan. Ta haɗiye shi.

"A wurinmu," ta ce, "allura mai haɗari mutum biyu ke sa mata hannu, wadda ta haɗa da wadda ta duba. Wadda ta haɗa tana sakin jiki ne don ta san akwai ido na biyu a bayanta. Kowa yana kuskure, shi ya sa aka yi na biyun. Tsoho bai ci amanar kowa ba, tarawa ya yi inda ya kamata ya ɗebe. Ya miƙo maka ne don ya san kai ba ka barin ko waƙafi, shi ya koya maka. Ba sunansa kake karewa ba, Yaya. Sunansa ka yafa ka rufe naka."

"Ke fa yarinya ce. Ni na goya ki."

"Ka goya ni, ka kuma yar da ni a kwata, Inna ta ba ni labari. Da Tsoho yana raye, wacce zai ce ka aika?"

Wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce masa ta hanci. "Da shafi uku zai rubuto mini kan ta farkon. Ya ce wannan ba gyara ba ne, kwalliya ce a kan miki."

"To."

Ta tashi ta ɗora ruwan zafi, ta wanke kofin nan ɗaya, ta nemi na biyu ta rasa, sai ta zuba nata a murfin fulas. Ta ba shi baya da gangan. Can ta ji madannai sun fara, a hankali, ba irin gudun ranar Lahadin ba. Da ta kawo masa shayin sai ta ga ya rufe wasiƙa ta farko. A cikin ta biyun ya ƙara jimla ɗaya a sama da layin ƙa'ida, ya karanta mata ita: ni ne na sa hannu cewa na duba wannan lissafin, alhali ban duba ba.

"Wannan ma dole ne a al'adarku?"

"A'a. Ba a taɓa nema ba."

"Mutum nawa za su karanta?"

"Dubbai. Kuma ba a gogewa."

Ya sake bin wasiƙar daga farko har ƙarshe, da yatsa a jikin gilashi, leɓɓansa suna motsi. Ya sake gwadawa a kan akuya, ya jira ta nuna masa ƙofar a rufe take. Sannan ya aika wa mai binciken da masu kula da tsofaffin manhajoji da sauran jama'ar aikin. Ba ƙara, ba komai. Wasiƙar ta bar wannan gefen ta koma wancan. Ya shigar da gyaran a nasa fayil ɗin, ya sake kiran sunayen gefen hagu, ya gangara zuwa wurin mai gadi. Sunansa ne sau huɗu. Ya hau sama, ya sauko ƙasa, ya sake hawa, kamar mai neman wani a tashar da mota ta riga ta tashi.

Auta ta so ta ce masa ya kira 'yarsa. Ta so ta ce ya zo gidanta ya kwana biyu, yara su dame shi. Ta san zai ce to, ta kuma san ba zai zo ba. Sai ta kwashe rigunan makon jiya da bai sa ba, ta mayar cikin leda don ta samu abin da za ta sake gogewa ta kawo.

"Ka sha shayin tun da zafi. Kuma ka aske gemun nan, ka yi kama da wanda ya tsere daga gadon asibiti."

Ga mamakinta sai ya tashi. Bai taɓa raka ta ba; sallamarsu kullum da ƙeya ce. Ya biyo ta har bakin ƙofa, ya tsaya daidai inda Anti ta taɓa tsayawa, ya dafa katakon kusa da zanen fensir. Daga ɗakin maƙwabta keken ɗinki yana ta sururu. Ta sauka taki biyu a matakala, sai ta ji ya kira ta.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ki biya ki ba Tela haƙuri. Ki ce mata daga yau shiru za ta ji. Wanda muke faɗan da shi, yanzun nan na sallame shi."